Fasfo Biyu da Tsoron Rasa Ƙasa: Hukuncin Nijeriya da Abin da Ya Sami Mutanen Iraƙi

A ƙasar Zuru, inda akan ce da wuya a sami gidan da bai taɓa ba da ɗa ga aikin soja ba, tun daga waɗanda Turawa suka ɗiba zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa waɗanda suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango da Laberiya da Saliyo, mas'alar wane ne ɗan ƙasa ta daɗe da fitowa daga littattafan lauyoyi ta shigo tsakar gida, domin akwai wanda ya komo da mata daga can, akwai wanda ya bar ɗa a can, ga kuma samarin yanzu da karatu ko neman abinci ya kai su Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa, suka zauna har aka ba waɗansunsu takardun can. Daga nan ne maganganu ke tasowa a majalisun yamma da wuraren ɗaurin aure. Wani ya ce duk wanda ya karɓi fasfon wata ƙasa ya yar da na Nijeriya ke nan. Wani ya ce gwamnati na da ikon korar duk wanda ta ga dama daga zama ɗan ƙasa. Wani kuma ya rantse cewa ɗan da aka haifa a Makka, ko Balaraben da ya sauka a kowace ƙasar Larabawa, ya zama ɗan gida ba da wata wahala ba. Kowace daga cikin maganganun nan tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suka yi wuyar mutuwa, amma babu wadda ta inganta yadda ake faɗinta. Ya kamata a tsefe su a hankali, a ga abin da dokarmu ta tanada, sa'an nan a waiwayi Iraƙi, ƙasar da ta gwada kusan kowane hukunci na wannan babi cikin shekara ɗari, mutanenta kuwa suka ɗanɗana kuɗarsu.

Ma'anar kalmomin da ake cakuɗawa

Zama ɗan ƙasa, abin da Larabawa ke kira jinsiyya, alaƙa ce ta shari'a tsakanin mutum da wata daula, wadda sabili da ita daular ba ta da ikon korarsa daga cikinta ko hana shi shigowa, kuma tana da haƙƙin tsaya masa in ya shiga ƙunci a ƙasar waje, shi kuwa ya wajaba gare shi ya bi dokarta, ya biya harajinta, ya tsare ta in aka kira shi. Fasfo ɗan littafin tafiya ne da Hukumar Shige da Fice ke bayarwa don shaidar wannan alaƙa, kuma matsayinsa kamar na takardar shaidar aure ne, wadda in gara ta cinye ta auren bai mutu ba, in kuma wani ya buga ta jabu bai zama mijin kowa ba. Biza izini ce ta shiga wata ƙasa na ɗan lokaci. Iƙama, kalmar da duk mai ɗan'uwa a Makka ko Jidda ya sani, izinin zama da aiki ce da ake sabuntawa, kuma ko mutum ya shekara arba'in yana sabunta ta, baƙo ne. Haka nan lambar NIN, tun da ana ba da ita ga 'yan ƙasa da kuma baƙin da ke zaune bisa ƙa'ida, ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Ruɗanin da ya fi yawa a wurinmu shi ne tsakanin ɗan ƙasa da ɗan asali. Takardar ɗan asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa bayan mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida, garin kakannin mutum take nunawa, kuma da ita ake neman gurbin karatu da shiga soja da aikin gwamnati bisa rabon jihohi. Dattijon da aka haifa a Dabai ko Wasagu a 1950 ya yi zama ɗan Jihar Arewa, ya koma ɗan Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ɗan Jihar Sakkwato a 1976, ɗan Jihar Kebbi a 1991, alhali bai gusa daga gonar ubansa ba. Amma ƙasarsa ɗaya ce tun ranar 1 ga Oktoba 1960.

Rasa ƙasa kuwa iri uku ne. Akwai saki, watau mutum da kansa ya rubuta cewa ya fita. Akwai faɗuwa, watau doka ta ce da zarar ya aikata abu kaza alaƙar ta yanke ko ba wanda ya sanar da shi. Akwai ƙwace, watau hukuma ta zare masa da ƙarfin mulki. Wanda ya wayi gari ba wata daula a duniya da ke ƙidaya shi cikin mutanenta, shi ne marar ƙasa, irin waɗanda ake kira bidun a Kuwaiti, waɗanda aka haife su a can, aka haifi iyayensu a can, amma ba su da takardar da za su yi aure ko su sa ɗa a makaranta da ita cikin sauƙi.

Yadda abin ya faro

Kafin zuwan Turawa mutum na wanda yake bi ne, ko sarkin da ya yi wa mubaya'a, ko dangin da ya fito cikinsu, ko dutsen da kakanninsa suka tsare, kuma malaman fiƙihu da suka yi magana a wannan babi sun kasa mutane ne bisa addini da alkawari, suka ambaci Musulmi da zimmi da wanda ya shigo da amana. Daular Usmaniyya ta Turkawa (ba tamu ta Sakkwato ba) ta kafa dokar jinsiyya irin ta zamani a 1869, daga gare ta kuma dokokin Iraƙi da maƙwabtanta suka samo tushe. A nan kuwa, yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890, wadda ta ja layi daga Sayi a bakin Kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi, da gyare-gyaren da suka biyo baya a 1898 da 1904 da 1906, su ne suka tsaga ƙasar Kabi da Dendi da Arewa, har Kamba ta faɗo wannan gefe Gaya ta faɗa wancan, Kangiwa na nan Dogon Dutsi na can, alhali jini ɗaya ne.

Da aka sami mulkin kai, shugabannin sababbin ƙasashen Afirka sun yi ɗari-ɗari da mai ƙasa biyu, mafi yawansu suka haramta abin ɗungurungum. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1979 ya tanadi cewa wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa, nasa na gida ya faɗi nan take, Nijar kuwa ba ta sake wannan ƙa'ida ba sai a 2014. Ashe ke nan mai cewa fasfo na biyu yana kashe na farko bai ƙaga maganar ba, illa dai hukuncin da yake riƙe da shi mansuhi ne, watau an shafe shi da wani.

Hukuncin Tsarin Mulkin 1999

Babi na 3, daga sashe na 25 zuwa na 32, shi ne nassin da komai ke komawa gare shi, kuma ya kasa 'yan ƙasa kashi uku waɗanda ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kashi na farko su ne 'yan ƙasa ta haihuwa: wanda aka haifa a Nijeriya kafin mulkin kai muddin uwarsa ko ubansa ko ɗaya daga kakanninsa na cikin wata al'umma ta asalin ƙasar, wanda aka haifa a cikinta bayan mulkin kai muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, da wanda aka haifa a waje muddin uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne. A lura cewa uwa tana gadar da ƙasa daidai da uba, abin da ya ɓuya ga mutane da yawa saboda al'adarmu ta danganta ɗa ga ubansa, kuma haihuwa a kan ƙasar Nijeriya kaɗai ba ta mai da ɗan baƙi ɗan gida. Saboda haka yaron da sojan Zuru ya haifa a Manrobiya ko Firitawun ɗan Nijeriya ne ta haihuwa, ko da bai taɓa taka garin ubansa ba. Doka ba ta tambayi addininsa ba, ba ta tambayi yarensa ba.

Kashi na biyu su ne na rajista, a sashe na 26, kuma babbar mai cin moriyarsa ita ce matar da ɗan Nijeriya ya aura, irin uwar wancan yaro. Amma mijin da 'yar Nijeriya ta aura daga waje ba a buɗe masa wannan ƙofa ba, kuma da aka kawo ƙudurin daidaita su a watan Maris na 2022, Majalisar Tarayya ta ƙi amincewa. Shi sai dai ya bi hanya ta uku, watau nema, a sashe na 27, inda sharuɗɗan suke da nauyi: ya zauna a ƙasar shekara 15, ya zama mai kyakkyawan hali, gwamnan jihar da yake zaune ya shaida cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, ya yi rantsuwar biyayya, sa'an nan Shugaban Ƙasa ya ba shi takarda. Ta wannan hanya ce Kwarori da yawa na Kano, watau mutanen Labanan da Siriya, suka zama 'yan Nijeriya.

Sashe na 28 shi ne zuciyar mas'alar ƙasa biyu. Abin da ya hukunta shi ne, wanda ba ɗan Nijeriya ta haihuwa ba ne, in ya karɓi ko ya ci gaba da riƙe zama ɗan wata ƙasa wadda ita ma ba tasa ce ta haihuwa ba, to, nasa na Nijeriya ya faɗi. Mafhuminsa a bayyane yake: ɗan haihuwa bai shiga wannan hukunci ba ko kaɗan, yana iya riƙe fasfon Ingila ko na Amurka tare da nasa, wanda kuma ya shigo ta rajista ko nema yana iya riƙe ƙasar da aka haife shi cikinta, ta uku ce aka hana shi. Sashe na 30, mai maganar ƙwace, shi ma ya tsallake ɗan haihuwa. Wanda ya samu ta nema ana iya ƙwace masa in aka ɗaure shi shekara 3 ko fiye cikin shekara 7 na farko, kuma duk wanda ba ɗan haihuwa ba ana ƙwace masa in ya tabbata ya yi wa ƙasa rashin biyayya ko ya taimaki abokan gaba lokacin yaƙi. Ɗan haihuwa kuwa hanya ɗaya ce tak take fitar da shi, ita ce saki da hannunsa a ƙarƙashin sashe na 29, bayan ya kai shekara 18, Shugaban Ƙasa kuma ya sa a yi wa sakin rajista. A nan ne tarkon yake, domin akwai ƙasashe irin su Saudiyya da Kuwaiti da Sin da Indiya waɗanda ba su yarda da ƙasa biyu yadda muka yarda ba, kuma mai neman tasu yana iya samun kansa an miƙo masa takardar sakin tasa ya sa hannu.

Saura maganar muƙami. Shugaban Ƙasa da gwamna lalle ne su zama 'yan haihuwa, kuma sassa na 66 da 107 da 137 da 182 sun hana takara ga wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa; sai dai duk an rataya su a kan sashe na 28, saboda haka Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi tawili tun 2004, a shari'ar Ogbeide da Osula, cewa hanin bai shafi ɗan haihuwa ba. Akwai lauyoyin da har yanzu suke ganin rantsuwar biyayya ga wata daula ta isa ta hana mutum kujera. 'Yan siyasa kuwa kowane ɓangare ya taɓa jifan abokin hamayya da wannan dutse: a 2019 aka ce Atiku Abubakar ba ɗan haihuwa ba ne saboda an haife shi a Jada a 1946, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da Arewacin Kamaru cikin Nijeriya, a 2023 kuma aka kawo maganar fasfon Gini a kan Bola Tinubu. Kotu ba ta karɓi ko ɗaya ba.

Shari'ar Shugaba Darman

Wanda yake son ganin ƙarfin kāriyar ɗan haihuwa, da kuma rauninta, ya dubi abin da ya faru a Maiduguri ranar 24 ga Janairu 1980. A ranar ce jami'an shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, suka tsallakar da shi iyaka suka ajiye shi a Cadi, bisa umurnin Ministan Harkokin Cikin Gida na gwamnatin NPN, Bello Maitama Yusuf, da hujjar cewa ubansa mutumin Bagarmi ta Cadi ne, shi kuwa baƙo ne mai haɗari. Har wata mata aka kawo daga Cadi ta ce ita ta haife shi. Babbar Kotun Maiduguri ta saurari shaidu ta tabbatar cewa uwarsa 'yar Nijeriya ce, saboda haka ko ubansa daga ina ya fito shi ɗan ƙasa ne, ɗan ƙasa kuwa ba a korarsa. Ta rushe umurnin, ta yanke masa diyya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna kuma ta tabbatar da zamansa ɗan ƙasa.

Abin lura a wannan shari'a shi ne gwamnati ba ta yi da'awar tana da ikon ƙwace wa ɗan haihuwa ƙasarsa ba, domin ta san ba ta da shi; sai ta bi ta bayan gida ta ce tun asali shi ba ɗan ƙasa ba ne. Shugaba kuwa ya tsira ne saboda yana da jam'iyya da lauyoyi da shaidun da suka san uwarsa. Talakan Kamba ko Illo da za a yi wa irin wannan, da wuya labarinsa ya kai gaban alƙali.

Iraƙi: ƙasar da ta ba mai mulki wuƙa da nama

Dokar jinsiyya ta farko a Iraƙi, ta 1924, ta ɗauki mazauna ƙasar da ke riƙe da jinsiyyar Usmaniyya a matsayin 'yan ƙasa kai tsaye. Amma akwai jama'a masu yawa, Kurdawan Faili da kuma Larabawa 'yan Shi'a, waɗanda kakanninsu suka rubuta kansu a matsayin talakawan Farisa a zamanin Turkawa, waɗansu don gudun a ɗebe su soja kawai; waɗannan ko da suka sami jinsiyya, sai takardarsu ta ci gaba da ɗauke da alamar cewa asalinsu na Iran ne, ɗa ya gāda, jika ya gāda. Alamar ta kwanta fiye da shekara hamsin a cikin fayil. Kafin a waiwaye ta an riga an gwada wuƙar a kan wasu: dokar 1950 ta ba Yahudawan Iraƙi damar fita bisa sharaɗin su saki jinsiyyarsu, ta 1951 ta riƙe dukiyarsu, kimanin mutum 120,000 suka fice. Dokar 1963 kuma ta tanadi cewa Ba'iraƙen da ya karɓi jinsiyyar wata ƙasa a waje da son ransa, tasa ta faɗi.

A cikin shekarar da aka kori Shugaba, a watan Afrilu, gwamnatin Saddam Husaini ta gayyaci manyan 'yan kasuwa zuwa taro a zauren 'yan kasuwa na Bagadaza, da suka hallara aka ware masu waccan alama, aka zuba su a motoci sai iyakar Iran, da tufafin jikinsu kaɗai. A watan Mayu Majalisar Juyin Juya Hali ta fitar da ƙuduri mai lamba 666, wanda ya halatta zare jinsiyya daga duk Ba'iraƙe mai asalin waje in an ga ba ya biyayya ga ƙasa da manufofin juyin mulki, mai ganin kuwa ita ce gwamnatin kanta. Aka kori dubun dubatar iyalai, aka ƙwace gidaje da kantuna, aka tsare samari da yawa waɗanda har yau ba a ga ko ƙabarinsu ba. Bambancin Maiduguri da Bagadaza a 1980 shi ne, a Maiduguri akwai nassin da ya ɗaure hannun minista da kotun da ta isa ta karanta masa shi, a Bagadaza kuwa mai korar shi ne mai rubuta nassin.

Wannan ɗaci ne ya haifi sashe na 18 na Tsarin Mulkin Iraƙi na 2005, wanda ya tabbatar cewa duk wanda uwarsa ko ubansa Ba'iraƙe ne shi ma Ba'iraƙe ne, cewa haramun ne a zare jinsiyyar ɗan haihuwa ko da wane dalili, cewa wanda aka zare wa yana da haƙƙin neman a mayar masa, kuma cewa ƙasa biyu halal ce, sai dai wanda ya hau babban muƙamin mulki ko na tsaro ya saki ta biyun. Doka mai lamba 26 ta 2006 ta soke ƙuduri na 666, amma ba ta mayar wa Yahudawan 1950 da 1951 tasu ba. Sharaɗin muƙami kuwa an daɗe ana yi masa riƙon sakainar kashi, domin da yawa daga shugabannin bayan 2003 daga gudun hijira suka komo da fasfon Turai a aljihu, ko da yake Barham Salih ya saki na Ingila bayan ya zama Shugaban Ƙasa a 2018. Gyaran doka kuma bai rufe ƙofar ba gaba ɗaya: bayan yaƙin Da'ish, wata ƙungiyar agaji ta ƙasar Nowe ta ƙiyasta a 2019 cewa yara kimanin 45,000 a sansanonin gudun hijira ba su da takardar haihuwa, 'yan ƙasa ne a nassi, marasa ƙasa ne a ofis.

Larabci da haihuwa a Makka

Zaton cewa Balarabe ɗan gida ne a ko'ina cikin ƙasashen Larabawa yana da asali, domin Iraƙi ta taɓa yin doka a 1975, bisa aƙidar haɗin kan Larabawa ta jam'iyyar Ba'as, wadda ta sauƙaƙa wa kowane Balarabe samun jinsiyyarta, ban da Falasɗinawa, waɗanda aka ce an hana su ne don kada haƙƙinsu na komawa gida ya ɓace. Dokar 2006 ta soke wannan fifiko, ta sa wa baƙo sharaɗin zaman shekara 10, Balarabe ne ko Ba'ajame, ta kuma bar hanin Falasɗinawa yadda yake. A Labanan har yau mace ba ta gadar wa ɗanta jinsiyya in ta auri baƙo. A Kuwaiti tun 2024 an zare ta daga dubun dubatar mutane, da yawansu matan da suka same ta ta hanyar aure.

A maƙwabciyarmu Nijar kuwa Larabcin ne ma ya zama abin tuhuma. A watan Oktoba na 2006 gwamnatin Tandja Mamadou ta ba da sanarwar mayar da Larabawan Mahamid na yankin Difa zuwa Cadi, ta janye bayan 'yan kwanaki da aka yi mata ca. A 2020 'yan hamayya suka kai Mohamed Bazoum, wanda shi ma Balarabe ne, kotu cewa ba ɗan asalin Nijar ba ne, Kotun Tsarin Mulki ta wanke shi. A watan Oktoba na 2024 kuma gwamnatin soja ta Janar Tiani ta zare jinsiyya ta wucin gadi daga mutum 9 na kusa da Bazoum, ciki har da Rhissa Ag Boula. Larabawan Shuwa na Borno, ya kamata a sani, al'umma ce ta asalin Nijeriya, hukuncinsu ɗaya da na Lelna da Kambari da Kabawa.

Mu ma Hausawa mun sha wannan ruwa. Waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu tare da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, dokar Sudan ta 1957 ta nemi su nuna cewa kakanninsu na can tun kafin 1898, abin da ba zai yiwu ba, suka daɗe ana kallonsu baƙi. Takari kuwa, 'yan'uwanmu mazauna Hijaz, haihuwa a Makka ba ta ba 'ya'yansu jinsiyyar Saudiyya. Yaro zai tashi Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, ba iƙama, ba fasfo, ranar da aka kama shi a sauke shi a filin jirgin saman Kano bai san unguwar kowa ba. A nassin sashe na 25 shi ɗan Nijeriya ne ta haihuwa, amma wa zai shaide shi, wane hakimi ne zai sa masa hannu?

Saɓanin ra'ayi

Masu ƙin ƙasa biyu hujjarsu ita ce biyayya ba ta rabuwa, kuma wannan magana tana da nauyi a gari irin Zuru, inda mutane suka san ma'anar rantsuwa a gaban tuta, suka kuma binne 'ya'yansu saboda ita. Suna ganin ba daidai ba ne mai wata mafaka a Landan ya riƙe baitulmalin waɗanda ba su da ko'ina sai nan. Masu goyon baya suna nuna kuɗin da mazauna waje ke aikowa gida, kimanin dala biliyan 20 a shekara, da kuma iyalan bakin iyaka waɗanda ba su zaɓi a tsaga su ba. Ga alama maslaha tana tsakiya, kusa da abin da Iraƙi ta rubuta ko da ba ta cika shi ba, watau a bar talaka da fasfonsa biyu, a nemi mai babban muƙami ya zaɓi ɗaya. Malamai ma sun yi saɓani. Fatawoyin da suka tsananta, irin na Tunisiya a 1933 lokacin da aka hana binne waɗanda suka karɓi jinsiyyar Faransa a maƙabartar Musulmi, an yi su ne a zamanin da karɓarta ke nufin bin ɗan mulkin mallaka da barin hukuncin shari'a a aure da gādo. Malamai da yawa na wannan zamani sun halatta in akwai buƙata kuma mutum na iya tsai da addininsa.

Akwai kuma kiran da akan ji, musamman daga waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Danko da Wasagu da Sakaba, cewa a ƙwace wa 'yan ta'adda zama 'yan ƙasa. Fushin yana da dalili, amma tsarin mulki bai yarda ba in ɗan haihuwa ne, kuma Nijeriya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta rage yawan marasa ƙasa tun 2011. Hasali ma ƙwacewar ba ta hukunta kowa, tun da ɗan bindigar da ke daji bai damu da fasfo ba, maganinsa kamu ne da shari'a da kurkuku. Ikon kuwa in aka ƙirƙire shi yana nan bayan an gama da shi, kuma Bagadaza da Yamai sun nuna a kan wa yake sauka.

Inda haɗarin yake

Ɗan Nijeriya ta haihuwa, a taƙaice, doka ta tsare shi tsarewar da mutanen Iraƙi ba su samu ba sai bayan sun yi asarar rayuka, amma tsarewar ba ta aiki sai ga wanda zai iya tabbatar da asalinsa. Iyalin da aka ƙona musu gida suka gudo cikin Zuru da kayan jikinsu, da jaririn da aka haifa a sansani ko a gidan ɗan'uwa ba a rubuta shi ba, da almajirin da ya bar gida tun yana ƙarami, su ne waɗanda wata rana wani ma'aikaci zai iya duban fuskarsu ko sunansu ya ce su kawo hujja. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025 kuma tana iya ƙara yawan tambayar takardu a Kamba da Kangiwa da sauran bakin iyaka.

Dokar rajistar haihuwa ta 1992 ta wajabta a rubuta kowane jariri cikin kwana 60 a ofishin Hukumar Ƙidaya, kyauta. Iyaye su yi, su ajiye kwafi a wurin wani ɗan'uwa a wani gari. Masu unguwanni da dagatai da limamai da fastoci su riƙa tunatarwa ranar suna. Mazauna waje su kai 'ya'yansu ofishin jakadancin Nijeriya a yi musu fasfo tun suna ƙanana. Wanda kuma wata ƙasa ta miƙo wa takarda ta ce ya sa hannu kafin ta ba shi tata, ya nemi lauya ya karanta masa ita tukuna.